Furiosa: Inda fim ɗin ya yi ƙarfi da inda ya gaza

A watan Mayun 2024 darakta George Miller ɗan ƙasar Ostiraliya ya fitar da Furiosa, wanda ya koma baya don ba da labarin abin da ya faru kafin Mad Max: Fury Road na 2015, fim ɗin da ya lashe kyaututtukan Oscar 6.

Ƙarfinsa yana cikin duniyar da ya nuna: hamada ta cinye ƙasa, mulki kuma yana hannun wanda ya riƙe ruwa da man fetur da harsashi. Matashin da ya tashi a Cadakori ko Aguié, ya saba ganin mai a kwalba a bakin titi, ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwallon ɗan itacen da yarinyar ke ɓoyewa bayan an sace ta daga ƙasarsu mai dausayi zai tuna masa da manoman Maradi da ke rainon kututtura a gonaki tun shekarun 1980.

Sai dai wanda ya kalli na 2015 ya san Furiosa za ta rayu, ya san za ta rasa hannu, don haka fargabar ta ragu. Fim ɗin ya kai minti 148, jaruma Anya Taylor-Joy kuma ba ta bayyana sai bayan kusan awa guda. Aikin kwamfuta ma ya fi fitowa fili a kan na baya, wanda aka ɗauka a hamadar Namibiya.

Wanda bai ga ko ɗaya ba, gara ya fara da Furiosa.