Barin Word da Excel Zuwa LibreOffice: Abin da Na Gani a Shagona

Sana'ata buga wa jama'a takardu. Ɗalibai masu aikin kammala digiri, 'yan kwangila masu son a tsara musu takardar farashi, dattawa masu rubuta koke ga hukuma, duk suna zama a kan bencina. Mu masu wannan sana'a da Word da Excel muka tashi, kuma akwai abin da ba mu cika faɗa a fili ba: da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sayen manhajar ba. Mai gyaran kwamfuta ne ke ɗora mana kwafin da aka fasa makullinsa, a ba shi na goro, a kama aiki.

Wannan ya daɗe yana damuna. Haƙƙin wani ne muke ci da shi, ko da mai haƙƙin yana Amurka kuma ya fi mu arziki nesa ba kusa ba. Ga kuma haɗari: ƙaramar manhajar da ake fasa makullin da ita takan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, sau da yawa ma sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin ta shiga. Ni kuwa a injina akwai takardun filaye da na gado na mutane, amana ce a hannuna.

To me ya hana a saya? Tun 2013 Microsoft ya karkata ga tsarin haya ga masu amfanin gida, wanda yanzu ake kira Microsoft 365: kowane wata ko kowace shekara sai ka biya, ranar da ka daina kuwa sai dai ka buɗe takardarka ka karanta, ba damar gyara. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, duk abin da ke da alaƙa da dala ya yi wa ƙaramin shago nisa. Akwai na saye sau ɗaya, amma shi ma da wa'adinsa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina fitar da gyaran tsaro ga Office 2016 da 2019.

Shi ya sa na koma LibreOffice. Ba sabon abu ba ne. Asalinsa StarOffice ne, na wani kamfanin Jamus, wanda Sun Microsystems ya saya a 1999, ya buɗe sirrin ƙirarsa ga kowa a 2000 da sunan OpenOffice. Da Oracle ya haɗiye Sun a 2010, sai masu aikin sa-kai suka ji tsoron makomarsa, suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation mai mazauni a Jamus, suka fitar da LibreOffice na farko a Janairun 2011. Lasisinsa ya halatta maka ka sauke, ka ɗora a kan kwamfuta ɗari, ka kwafa wa maƙwabcinka a filashi. Ba rajista, ba talla, kuma ba ya neman intanet bayan an sauke shi. Girmansa bai kai rabin giga ba. Writer ke aikin Word, Calc ke aikin Excel, Impress ke aikin PowerPoint.

Ba mu kaɗai talakawa ke dubansa ba. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kansa, kuma hujjar da ta fi jaddadawa ita ce mallakar bayananta, ba arha kawai ba. Sai dai birnin Munich, wanda ya shafe shekaru sama da goma a kan manhajojin kyauta, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Cikin koken ma'aikata har da wahalar musayar takardu da sauran ofisoshi.

Wannan koken gaskiya ne, kuma shi ne ainihin inda gizo ke saƙar. LibreOffice yana ajiye aiki a tsarinsa na odt da ods, tsarin da hukumar ISO ta amince da shi tun 2006. Amma malamin da ke duba aikin ɗalibi docx yake jira. Writer yana buɗe docx yana kuma ajiyewa a cikinsa, kuma wasiƙa ko rahoto mai sauƙi ba za ka ga bambanci ba. Matsala kan taso ne a aiki mai shafuka da yawa, mai teburori da hotuna da lambobin shafi kala biyu. Nan sai ka ga teburi ya zame, ko babi ya fara a tsakiyar shafi. Sau da yawa laifin na samfurin haruffa ne: in takardar da Calibri aka buga ta, kwamfutarka kuma ba ta da shi, sai a maye gurbinsa da wani mai faɗi daban, layuka su goce. Maganinsa Carlito, samfurin kyauta da aka auna faɗinsa daidai da Calibri. Haka Caladea yake ga Cambria, Liberation Serif kuma ga Times New Roman.

Abin da nake yi shi ne, na shiga saituna na ce kullum a ajiye mini a docx da xlsx, tun da da jama'a nake hulɗa. Duk takardar da ta kammala kuwa, wadda ba mai sake taɓa ta, sai in danna maɓalli ɗaya in mayar da ita PDF. Ita ba ta gocewa a injin kowa.

Akwai wanda zan ce ya dakata. Akawun da lissafinsa ya dogara da ƙananan umarnin da aka rubuta cikin Excel da yaren VBA, kada ya yi gaggawa, domin wasu na aiki a Calc, wasu ba sa yi. LibreOffice kuma ba shi da takwaran Outlook na imel, sai an haɗa da wani kamar Thunderbird. Amma jumla da kaso da lissafin albashin malamai ko kuɗin makaranta, Calc na yin su da ƙa'idojin da ka saba da su.

Wani abu da ya faranta mini rai a matsayina na mai buga Hausa: haruffanmu masu lanƙwasa. A Writer, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, sai ƙ ya fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Mafi sauƙi, ka sa su cikin jerin gyaran kai-tsaye sau ɗaya, ka zaɓi alamar da za ta riƙa kira maka kowanne. Babu dalilin da zai sa a ci gaba da buga wa mutane "kasa" a inda suke nufin "ƙasa".

Hannu ne ya fi daɗewa kafin ya saba. Yaran shagona sun yi ta lalubar maɓallai a farko, don ba a inda suka san su suke ba, duk da akwai zaɓin mayar da fuskarsa ta yi kama da ta Word na zamani. Ban matsa musu ba. Da wasiƙu muka fara, sannan takardun farashi, manyan ayyukan ɗalibai suka zo daga ƙarshe.

Ɗan'uwa mai shago, da shugaban makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, in kuna da halin biyan lasisi kuma aikinku na buƙatarsa, ku biya. In babu hali, ku sauke LibreOffice daga shafinsa na asali, ku gwada shi a kan tsofaffin takardunku, sannan ku goge kwafin satar nan daga injinanku.