Birnin da Numfashi Ke Tsada

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta shi a hankali)

 

Waɗanda suka daɗe suna zaman gidan kallon ƙwallo za su iya tuna ranar 1 ga Afrilun 2009. Ajantina ce ta je baƙunci Bolibiya, Maradona na koci, Messi na cikin fili. Aka tashi shida da ɗaya, kuma Ajantina ce mai ɗayan. Washegari a teburin mai shayi kowa da tasa fassarar, har da masu cewa an yi musu asiri. Babu wani asiri. Filin Hernando Siles da aka buga wasan yana birnin La Paz ne, kimanin mita 3,600 sama da teku, kuma duk baƙon da ya hau can sai ƙirjinsa ya gaya masa. Shekara biyu kafin nan, a 2007, FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a irin wannan tudu, Bolibiyawa suka yi ca a kanta, a 2008 ta janye.

To yau can muka nufa, kuma tafiyar mutum ɗaya ce da jakarsa. Ba irin ta aikin Hajji ba, inda akwai jami'in alhazai da malamin bita da likitan tawaga. A nan kai ne ejan, kai ne ɗan rakiya.

Mu fara da awo. Zariya tana wajen mita 650 sama da teku. Jos, da muke zuwa muna kukan sanyi, kimanin 1,200. Ƙololuwar Chappal Waddi a jihar Taraba, wadda babu abin da ya fi ta tsawo a Nijeriya, 2,419. Sai ka ɗora mata fiye da mita dubu kafin ka kai tsakiyar kasuwar La Paz. Filin jirginsu kuwa yana El Alto, sama da mita 4,000. Wato shi jirgin, a kan dutse yake ajiye ka, sannan ka gangara cikin gari.

A wannan tsawo iska ba ta da kauri. Duk shaƙa ɗaya, abin da huhu ke samu bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ake samu a bakin teku ba. Saurayin da ke haye Dutsen Kufena da gudu ran hutu, a can bene hawa biyu zai sa ya dafa bango. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Mutanen wurin suna kiran wannan soroce. Ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Wani dattijo ya wuce lafiya, ɗan ƙwallo ya kwanta. Shawarar da suke ba baƙo uku ce, kuma da murmushi suke faɗinta: yi tafiya a hankali, ci kaɗan, kwana kai kaɗai. Ta ukun dai na bar muku.

Mai wayo ba ya faɗa wa La Paz kai tsaye. Babu jirgin da ke tashi daga Kano ko Abuja ya dire Bolibiya, sai an bi ta wata ƙasa, galibi Sao Paulo ta Brazil. Daga nan gara ka sauka Santa Cruz, wadda ke ƙasa, mai zafi kamar gida. Ka hau Sucre, wajen mita 2,800, ka yi kwana biyu ko uku jini ya saba, sannan ka ƙarasa. Akwai ƙwayar da likitoci ke rubutawa, acetazolamide, amma likita ne zai ba ka, ba mai kemis na bakin titi ba. Idan kuwa tari ya kama ka, numfashi ya ƙi daidaita ko kana zaune, ko tafiya ta zama ta mai maye, magani ɗaya ne: a sauko da kai ƙasa, a nemi asibiti a daren.

Ga maganar da littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ta shafe mu ƙwarai. Sikila. Ƙarancin iska shi ne babban abin da ke tayar da ciwon. Mai SS bai kamata ya tunkari irin wannan wuri ba tare da yardar likitansa ba. Har mai AS, wanda yake ganin lafiyarsa ƙalau tun haihuwa, an sha samun wanda saifarsa ta toshe a kan tudu, ciwo ya turnuƙe shi a gefen hagu na ciki. Mu da muke da asibitin koyarwa a Shika ba mu da uzuri. Kafin biza, kafin tikiti, a yi gwajin sikila.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Idan jiki ya karɓa, sai ido ya buɗe. Garin La Paz kamar ƙatuwar ƙwarya yake, gidajen jan bulo sun lulluɓe gefenta har baki, dutsen Illimani na tsaye a baya da farin rawanin ƙanƙara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin zama. Mu nan mai kuɗi bene yake ɗagawa. Can mai kuɗi gangarawa yake yi unguwannin kudu, inda iska ta fi kauri kuma sanyi ya yi sauƙi, talaka ya hau sama. Tun 2014 suka kafa wasu akwatuna masu tafiya a kan waya, Mi Teleferico, kowane layi da launinsa. Su ne a-daidaita-sahunsu: ka shiga a ƙasa, ka bi ta saman rufin mutane, ka sauka El Alto.

Ka daidaita zuwanka da Alhamis ko Lahadi, ranar kasuwar 16 de Julio. Ɗan Sabon Gari ba zai yi baƙunta ba: gwanjo, kayan gyaran mota, tsofaffin wayoyi, matan ƙabilar Aymara da manyan siket da 'yar malafa a ka suna riƙe da ciniki. Aljihu dai a kula da shi. Ka koyi ƙirga da Sifaniyanci tun daga gida, don Turancinka ba zai saya maka ko ruwa ba. Naman alade ya yawaita a abincinsu, saboda haka kifin tafkin Titicaca da ƙwai da dankali su ne rufin asirin Musulmi. Shayi ma ba ya ƙona baki sosai, don ruwa na tafasa tun bai kai digiri 90 ba.

Za a miƙo maka ganyen koka, a tauna ko a jiƙa. A wurinsu kamar goro yake a wurinmu, na baƙo ne, na ma'aikaci ne, kuma halal ne a dokarsu. Amma daga shi ake sarrafa hodar iblis. Ko ganye ɗaya kada ya biyo ka cikin jaka, domin jami'an NDLEA ba za su saurari labarin al'ada ba.

A rumfar kayan gwari ne za ka ga 'yan uwa. Dankalin da muke ce wa na Turawa, wanda ake sauke mana daga Filato, ba na Turawa ba ne. Asalinsa waɗannan duwatsu na Andes ne, kuma za ka gan shi kala-kala, har da baƙi da shuɗi. Gyaɗar da ta gina dalar Kano, wadda masana ke ta inganta irinta a cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, tushenta kudancin Bolibiya ne da arewacin Ajantina. In kun gama ciniki da mai rumfa, kada ka yi saurin juyawa. Ka ce mata, "yapa." Za ta dube ka, ta yi dariya, ta ɗebo 'yan ƙwayoyi ta ƙara maka a leda. Gyara ke nan, irin ta kasuwar Samaru.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)