Baƙin da ke zaune tare da mu: kafin mu ce a kore su

'Yan'uwa, duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya a Gyadi-Gyadi, kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ji Hausa da Barbarci da Yarbanci da Ibo. Amma da zarar kuɗin haya ya tashi a Tarauni, ko aka yi sata a unguwa, sai a ce baƙi ne suka cika gari. Kafin mu sa baki, mu sani cewa baƙin nan kashi uku ne.

Na farko shi ne ɗan ƙasa da rikici ya raba da gidansa, kamar mutanen Gwoza da suka watse a 2014. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar zama ko'ina a Najeriya. Na biyu ɗan ci-rani ne daga ƙasashen ECOWAS, wanda yarjejeniyar 1979 ta yarje masa ya shigo na kwana 90 ba tare da biza ba. Na uku shi ne mai neman mafaka daga wata ƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari.

Masu cewa a tsaurara suna da hujja: iyakarmu doguwa ce, makamai na ratsa ta, aikin yi kuma ya yi ƙaranci. Daidai ne hukuma ta san mai shiga da mai fita. Kuskuren shi ne a ɗora wa jama'a duka laifin mutum ɗaya.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1969 Gana ta kori 'yan Najeriya. A 1983 mu ma muka kori baƙi sama da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. Bayan shekara 30, 'yan'uwanmu na Borno suka nemi mafaka a sansanin Minawao na Kamaru. Kano kanta da baƙi ta bunƙasa, tun zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji.

Ubangijinmu Yesu ma yana jariri aka gudu da shi Masar. Saboda haka, idan baƙo ya kama haya a gidanmu, mu tambayi abin da ya fito da shi, mu taimaka masa ya yi rajista da hukuma, kada mu ninka masa kuɗin ɗaki don mun ga ba shi da gata.