Wa ke biyan kuɗin bincike a Najeriya? Mu fara daga mudun wake

Yau maganar kuɗi za mu yi, amma kuɗin binciken kimiyya. Kar ku gudu tukuna, maganar ta shafi tukunyar gidanku.

Duk wanda ke sayen wake a kasuwar Tudun Wada ya san yadda farashinsa ke wasa da hankali. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wata tsutsa, maruka, mai cinye fure da kwanson wake tun yana gona. Manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina ɗaya saboda ita. A Disambar 2019 aka amince da wani irin wake, SAMPEA 20-T, wanda feshi biyu ya ishe shi. A nan Samaru aka yi aikin, a cibiyar binciken noma ta IAR, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, bayan kusan shekara goma ana gwaji a gona. (Eh, irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ne, kuma akwai muhawara a kai. Wannan shiri ne na wata rana.)

To wa ya biya? Masanan namu ne, gonar tamu ce, amma babban kaso na kuɗin daga waje ya zo, musamman hukumar USAID ta Amurka ta hannun gidauniyar AATF. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe USAID. Kun ga inda gizo ke saƙar: wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da maƙwabci bai ɗora girki ba da yunwa zai kwana.

Kuma ba cibiyoyi muka rasa ba. IAR tun 1922 take, ta girmi ABU da shekara 40. Ga NAPRI a Shika, wadda ta samar da kazar Shika Brown. Ga NARICT a Basawa, ga cibiyar fata ta NILEST a Samaru. Gari ɗaya fa kenan.

Yanzu bari mu bi kuɗin. Asusun da ya fi ƙarfi shi ne TETFund. Asalinsa yarjejeniyar ASUU da gwamnati ce ta 1992, lokacin Attahiru Jega na shugaban ƙungiyar. A 1993 aka yi doka cewa kamfanoni su riƙa biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilimi, a 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu kawai, a 2023 harajin ya kai kashi 3. Ku zaga Kongo ko Samaru ku ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da sunan TETFund. Ai kun ga matsalar: gini ana iya yanka masa kintinkiri a ɗauki hoto, bincike kuwa sai ka jira shekara goma. Asusun bincike na ƙasa da ke cikin TETFund naira biliyan 8.5 aka ware masa a 2021, na ƙasar gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, dokar TETFund ta jami'o'i ce da kwalejojin fasaha da na ilimi. Cibiyoyi irin NARICT da NILEST, da ke ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya, ba sa ciki. Su kasafin shekara suke jira. Albashi yana zuwa, amma kuɗin aiki kan makara, wani lokacin ma rabi ake saki. Shi kuwa bincike bai san wannan ba. Damina ba ta jiran Abuja ta sa hannu. In kuɗin gwaji ya iso a Oktoba, shekarar ta tafi. In firjin da aka ajiye samfuri ya kwana uku babu wuta, aikin shekara biyu ya bi ruwa. Daga nan sai matashin masanin ya fara cike takardun tafiya waje, kuma wallahi da wuya ka ga laifinsa.

Me masu neman gyara ke so? Tun a manufar kimiyya ta 2012 aka tanadi majalisar bincike ta ƙasa da asusunta, wanda kowane mai bincike, na jami'a ko na cibiya, zai nema ta hanyar gasa, masana 'yan uwansa su tantance, a ba shi kuɗin shekara uku ko biyar a jere. Majalisar dokoki ta taɓa zartar da ƙudirin, Buhari bai sa hannu ba. Ƙungiyar masu bincike ta ASURI ta daɗe tana bin maganar.

A ganina wannan tsarin ya fi yawan kuɗin muhimmanci, duk da yawan ma abin kunya ne. Tun 1980, a birnin Legas, ƙasashen Afirka suka sa wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinsu kan bincike. Mu ko rabinsa ba mu kai ba, Koriya ta Kudu kuwa tana dab da kashi 5. Amma ko an zuba kuɗin, in kowace cibiya na ƙarƙashin ma'aikatarta, ba mai sanin abin da maƙwabciyarta ke yi, zuba ruwa ne a kwando. Burazil ta kafa Embrapa a 1973, ta haɗa binciken nomanta a inuwa ɗaya, ta tura ɗaruruwan matasa karatu waje ta dawo da su bakin aiki. Ƙasar Serado da ake ganin ba ta nomuwa, yau ita ke cika jiragen ruwa da waken soya.

Sai kuma sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025. Ta soke harajin ilimi, ta kawo harajin ci-gaba na kashi 4 da hukumomi da dama za su raba. Daftarin farko ya so a janye kason TETFund gaba ɗaya nan da 2030, ASUU ta yi ca, a ƙarshe aka bar masa rabi. Rabin 4 dai 2 ne, a da kuma 3 yake karɓa shi kaɗai.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba.