Me Ke Kawo Faɗuwar Gaba?

A zangon karatun da ya wuce, ana saura mako uku mu fara jarrabawa, wani abu ya same ni wanda ya hana ni sakat. Ina kwance a ɗakin kwananmu bayan an kashe fitila, sai na ji zuciyata ta tsaya cak, can kuma ta buga dam, kamar an saki guga cikin rijiya. Kafin gari ya waye ta yi mini haka ya fi sau goma. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce tsoron jarrabawa nake yi, ga shi kuwa mun saba jin ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji.

Da aka yi hutu na gaya wa kakata. Ta dube ni ta ce, "Maigidan, ko dai wani mugun labari ne ke tafe, ko kuwa maye ya kama maka kurwa." Babana dai bai ce uffan ba, washegari ya kai ni asibiti. Abin da likita ya bayyana mini, da wanda malaminmu na kimiyya ya ƙara mini, shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai, don na tabbata ba ni kaɗai ke ɓoye wannan abu ba.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Idan mutum yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 ke nan a kwana guda. Akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama wanda ke aika wa sauran ɗakunan saƙon lantarki su matsa. Waɗansu masana biyu na Birtaniya, Arthur Keith da Martin Flack, su suka gano shi a 1907. Shi ne kamar mai buga mana ƙararrawa a makaranta, sai ya buga kowa ke motsawa.

To, wani lokaci sai wani sashe na ɗakunan ƙasa ya yi azarɓaɓi, ya matsa tun ba a buga masa ƙararrawa ba. Da yake jini bai gama cika ɗakin ba, wannan bugu ba shi da ƙarfi, sau da yawa ko a wuyan hannu ba a jinsa. Daga nan zuciya ta ɗan dakata ta jira lokacinta na ainihi. Cikin wannan jira jini ya cika ta fiye da kullum, saboda haka bugun da ke biye yakan zo da ƙarfi. Ashe abin da na ɗauka tsayawa ce, gaggawa ce. Likita ya nuna mini shi ƙiri-ƙiri a takardar isiji, watau awon lantarkin zuciya, wanda Willem Einthoven mutumin Holan ya sami kyautar Nobel a kansa a 1924. Zanen na tafiya daidai, sai ga wani ƙato mai faɗi ya yi tsalle ya shigo layi.

Likitan ya ce, "Samari, me kake ci don ka hana kanka barci?" Na sunkuyar da kai. Gaskiya a lokacin nakan ci goro biyu ko uku kowane dare, in kora da kofi mai kauri, barcina kuwa bai wuce awa huɗu ba. Goro da kofi da shayi da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari duk suna da wani sinadari wai shi kafeyin. A wani gwaji da aka yi wa mutum 100 a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2023, an ga irin wannan bugu na ɗakunan ƙasa ya fi yawa a ranakun da suka sha kofi. Amma fa jiki ya bambanta. Wani ya sha bai ji kome ba, wani kuwa kofi ɗaya ya ishe shi.

Rashin barci da fargaba su ma manyan dalilai ne, domin suna sa jiki ya saki adiranalin, sinadarin da ke zaburar da zuciya idan mutum ya firgita. A nan na ga kakata ba ta yi nisa da gaskiya ƙwarai ba. Mugun labari yana kawo faɗuwar gaba, sai dai bayan an ji shi, ba kafin ya iso ba.

Akwai kuma gishirin jiki, musamman fotashiyam da maganiziyam, waɗanda lantarkin zuciya ba ya tafiya daidai sai da su. Gudawa da amai da yawan gumi a bazara suna rage su. Ayaba da wake da dankali da alayyafo suna da fotashiyam. Taba da giya, da waɗansu magungunan mura masu buɗe hanci, da na shaƙa na masu asma, su ma sukan jawo shi. Zazzaɓi da ƙarancin jini kuwa sun fi sa zuciya gudu, haka nan ƙullutun nan na wuya da ke zama maƙoƙo in ya kumbura, idan aikinsa ya yi yawa.

Ga mai lafiyayyar zuciya wannan bugu yawanci ba ya cutarwa, mutane da dama ma suna da shi ba su sani ba. Amma yakan zama alamar ciwo a zuciyar kanta, kamar wanda hawan jini ke kawowa, ko wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ana yara. Kuma idan ya yi yawa ainun, ya daɗe, yana iya raunana zuciya. Shi ya sa likita ya tsare ni da tambayoyi: ko na taɓa suma, ko ƙirjina na ciwo, ko numfashina na sarƙewa, ko abin na zuwa ina tsakiyar wasan ƙwallo, ko a danginmu akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa. Ya ce duk wanda ke da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya jira hutu, ya je wurin malamin asibitin makaranta a ranar.

Ni ba ni da ko ɗaya. An auna jinina aka ga ya ɗan yi ƙasa, aka ba ni maganin ƙarin jini, aka ce in bar goro da kofi, in koma bayan wata uku. Yanzu sai in yi mako ban ji ba. Abokin gadona na sama har yanzu yana cin goronsa, ya ce shi bai taɓa jin kome ba. Kakata kuwa ta nace rubutun da ta sa aka yi mini na sha, shi ya yi aiki.