Takin da ya tsere daga garka, a tabki da rijiya yake kwana

Da zaran damana ta ɗauke, kasuwanninmu sai su cika da albasa, salati, kabeji, tumatir da tattasai. Yawancin kayan nan a bakin ruwa ake noma su: gefen tabkin Madarunfa, Tabalak, Gidimuni, cikin gulbin Maraɗi da kuma gaɓar kogin Isa a Yamai. Daga ruwan nan ne kuma masunta ke fiddo karfasa da tarwaɗar da mata ke soyawa ko su yi banda. Ke nan mai saida taki, mai saida kayan miya da mai saida kifi duk a ƙwarya guda suke sha. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ku kan abin da taki ke yi wa ruwa in ya yi yawa.

Kada wani ya ce muna hana sa taki. Gonakinmu na hatsi yunwar taki suke yi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi fatan a kai kilo 50 a kowace hekta, amma gonakin tudu na Nijar ko kusa ba su kai ba. Matsalar tana garake da fadamun shinkafa, inda ake zuba taki da yawa a ƙaramin fili, ana ban ruwa safe da marece, kuma taku kaɗan ne tsakanin shuka da tabki.

Cikin buhun 15-15-15 akwai sinadarai uku, biyu daga ciki su ne azot da fosfor. Farin takin nan kuwa, wato ure, kusan rabinsa azot ne. Sau da yawa shuka ba ta cin fiye da rabin azot ɗin da aka watsa mata. Saura wani ya bi iska, wani ya nutse ƙasa, wani ruwa ya kwashe shi. Kashin dabbobi da aka tara a bakin ruwa shi ma haka yake yi. To, abin da ke sa albasa ta yi kai, shi ne ke ciyar da gansakuka da kainuwa. Sai su rufe fuskar ruwa, hasken rana ya kasa shiga. In sun mutu suka ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. Abin ya fi tsanani da bazara, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Duk wanda ya ga kifaye sun taso sama da asuba suna buɗe baki, to alamar ke nan. In kifi ya ragu a koma, ya yi tsada a kwando, kuma mai soyawa ce ke fara ji a jikinta.

Mutanen Yamai sun san baƙuwar ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke yawo a kan kogi. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, kuma ba inda take haɓaka kamar ruwan da ya ƙoshi da azot da fosfor, ko daga fadama suka fito ko daga magudanan gari. Tana tare hanyar jirgin ruwa, ta ɓata koma, ta toshe hanyoyin ban ruwa.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na ƙasar Amurka, hukuma ta hana mutane kimanin 400.000 shan ruwan famfo har kwana uku. Dalili shi ne wata irin gansakuka mai dafi da ta mamaye tabkin Erie, inda garin ke ɗibar ruwa, kuma fosfor na gonakin masara da waken soya ne babban abincinta. An ce musu ko tafasawa kada su yi, don tafasa ba ta kashe dafin. Gidajen abinci suka rufe, ruwan kwalba ya ƙare a kantuna. In ƙasa mai wannan arziki ta ji jiki haka, ina ga garin da tabki ɗaya gare shi?

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Azot ɗin da ya nutse ƙasa yakan koma wani sinadari mai suna nitrat, ya shiga gajerun rijiyoyi na cikin garka. Ba shi da launi, ba shi da wari. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Jarirai ƴan watanni ne suka fi shiga haɗari, musamman waɗanda ake dama wa madarar gwangwani da irin wannan ruwa: jininsu ya kasa ɗaukar iska, leɓɓansu su yi shuɗi. Tacewa da ƙyalle ba ta fidda shi, tafasawa kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwa ke tafiya shi yana nan. Nonon uwa zalla har wata shida kariya ce babba, kuma jaririn da launinsa ya canza a gaggauta kai shi likita.

Mece ce mafita? Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa giram 6 na 15-15-15, kimanin cikin marfin kwalbar lemo, in an sa shi a ramin shukar hatsi, yana ƙara amfani ƙwarai. Darasin ya shafi garka: taki kaɗan a gindin shuka, a rufe shi da ƙasa, a raba shi sau biyu ko uku maimakon zubi guda. Kada a watsa in hadari ya haɗu, kada a cika fangali da ruwa har ya malala. A bar ciyawa tsakanin garka da tabki don ta tare abin da ya gangaro. A nisanta jujin taki da rijiyar sha, a yi wa rijiya baki, kuma a daina wanke buhunan taki a tabki.

A nan ƴan kasuwa ke da ta cewa. Da yawa cikinku ku ke ba masu garka bashin iri da taki kafin albasa ta nuna, don haka maganarku tana da nauyi. Mai saida taki a tiya ko a ƙulli, ya gaya wa mai saye yadda ake sa shi. Mata masu saida kifi, in kun ga ruwa ya yi kore shar ko kifi na mutuwa, ku sanar da ma'aikatan gandun daji da magajin gari tun da wuri. Takin da ya tsere kuɗin manomi ne suka bi ruwa, sannan ya dawo ya ci jarin mai kifi. Allah shi ba mu ikon kiyayewa, amin.