Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Takobi Da Shekarunsa

Mutum yakan gāji takobi a gidansu a zangon Kumasi, ko ya ci karo da shi a kantin tsofaffin kaya a birnin London, a ce masa ai wannan ya shekara ɗari biyar. To, ta yaya zai san gaskiyar maganar? Abu na farko da masana ke lura da shi shi ne, tsohon takobin Afirka ta Yamma ba shi da shekaru iri ɗaya. Ruwansa dabam, ƙotarsa dabam, kubensa dabam, kuma sau da yawa ba hannu ɗaya ya yi su ba, ba kuma a ƙasa ɗaya ba. Kube fata ne, yakan lalace a sake wani. Ƙota ma takan yi sanyi a mai da ita wurin maƙeri. Ruwan takobin ne kaɗai ke bin zuriya daga kaka har jika. Saboda haka ƙota da kube su ke nuna inda takobi ya yi zama a ƙarshe, ruwansa kuwa shi ake tambaya inda aka ƙera shi da kuma zamanin.

Sanin ƙasa shi ya fi sauƙi. Takobin Buzaye da Hausawa da Filani miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, bakinsa kuma sau da yawa a kewaye yake maimakon tsini. Ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwa mai faɗi ne, an lulluɓe shi da fata ko tagulla. In aka nausa gabas, daga Barno zuwa Wadai da Darfur da bakin kogin Nilu, sai a tarar da wanda Turawa ke kira kaskara, mutanen Sudan kuwa saif kawai suke ce masa. Shi gitaccen ƙarfensa siriri ne tsirara, kan ƙotarsa kamar faifai, kubensa kuma yakan buɗe wajen ƙarshe kamar ganye. Na Mandinka a Mali da Gini lanƙwasasshe ne, ba abin tsare hannu a ƙotarsa. Na sarautar Asante kuwa, mai ƙotar itace da dunƙule biyu da aka shafe da zinariya, ba mai ruɗa shi da wani.

Wahala tana wajen ruwan takobi, gama da yawa daga cikin nagartattun ba a Afirka aka ƙera su ba. A ƙarnonin da suka wuce ayarin fatake sun riƙa ɗauko su daga Tarabulus, su keto Sahara da su. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya kuwa kimanta cewa ruwan takuba wajen 50,000 ke shiga birnin kowace shekara, galibinsu daga garin Solingen na Jamus. A Kano aka riƙa sa musu ƙota da kube, kana a watsa su ƙasashe. Watau ke nan takobi ɗaya yana iya zama Bajamushe a ruwa, Bakano a kube.

Maƙeran Turai sukan buga hatiminsu a jikin ƙarfe, kuma a nan ne mai nema yakan yi murna da wuri. Akwai hoton kyarkeci yana gudu, wanda asalinsa na garin Passau ne, daga baya maƙeran Solingen suka ɗauka. Akwai jinjirin wata mai fuskar mutum, sau da yawa guda biyu. Akwai zaki, da ƙuda, da ƙwallo mai gicciye a kansa, waɗanda aka fi gani a takuban ƙarni na 19. Amma hatimi ba shaida ce da za a rufe ido a karɓa ba. Da masu saye suka ɗauki waɗannan alamomi a matsayin tabbacin nagarta, har wasu na ganin suna da asiri, sai maƙeran gida suka shiga kwaikwayonsu a kan ƙarfen da suka ƙera da kansu. Ba ma za a ga laifinsu ƙwarai ba, tun da su Jamusawan ma sun daɗe suna buga sunan Andrea Ferara, maƙerin Italiya na ƙarni na 16, a kan takuban da bai taɓa gani ba. Hatimin Turai da tambari ake buga shi, ya nutse daidai wa daida. Na kwaikwayo sau da yawa da kurfi ake sassaƙa shi, layukansa na rawa, watan ya rasa hanci ko ido. Haka kuma kwarmin da ke bin tsawon ruwan: na masana'anta yakan tafi sak, na hannu yakan ɗan karkace. Wani Ba'amurke, Lloyd Cabot Briggs, ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan alamomi a takuban Buzaye cikin 1965, har yanzu kuma masana na komawa ga aikinsa.

Lambobi ma suna yaudara. In aka ga 1414 ko 1515 a jikin ruwa, kada a ce shekarar ƙira ke nan, gama an yi ta buga irin waɗannan lambobi shekaru aru-aru bayan wancan zamani. Haka nan tsohon zancen nan cewa takuban Sudan ragowar yaƙin 'yan gicciye ne, bincike bai gaskata shi ba. Yawancin waɗanda ke gidajen Ingila ganima ce daga yaƙin Mahadi, musamman bayan faɗan Omdurman na 1898, kuma rubutun Larabcin da aka ci da asid ya cika jikin wasunsu alama ce ta wannan zamani.

Akwai abubuwan da ke yanke gardama nan take. Alminiyam bai yi araha ba sai bayan 1886, don haka ƙotar da ke da shi ba ta riga ƙarshen ƙarni na 19 ba, galibi ma ta ƙarni na 20 ce. Roba mai launi ta fi wannan ma ƙuruciya. Ruwan da aka yanko daga sifirin na mota ba zai girmi mota ba. A takobin Buzaye kuwa, kan ƙota dunƙulalle shi ne tsohon yayi, mai hawa-hawa na tagulla da jan ƙarfe ya fi yawa a na baya-bayan nan. Awon kimiyya da ake yi wa fata ko itace don sanin shekaru ba ya taimakawa sosai a nan, domin ba ya iya rarrabe abin da aka yi tsakanin wajen 1650 da 1950, alhali yawancin takuban da ke hannun mutane a wannan tsakani suka faɗo.

Tarihin baka kuwa, a ganina, bai kamata a yar da shi ba, sai dai a auna. Takobin da ake dangantawa da Bayajida a fadar Daura, da Gajere na Katsina wanda ake haɗawa da Muhammadu Korau, suna cikin waɗanda A. D. H. Bivar ya duba a littafinsa na 1964 game da makaman Nijeriya ta Arewa. Irin waɗannan an san inda suka zauna da hannun da suka bi, abin da takobin kanti ba shi da shi. Wanda ke da na gado, ya rubuta sunan kakan da ya riƙe shi da garin da ya taso tun dattawan gidan na da rai, ya ɗauki hoton hatimin kusa-kusa ya kai wa ma'aikatan gidan tarihi. Kada kuma ya goge shi da yashi ko ya kai shi dutsen wāshi don ya yi ƙyalli, gama ɗan hatimin da ya rage yana iya tafiya tare da tsatsar. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa.